Tafkin Keziya da Ƙofar da Aka Kulle ta Ciki

Akwai wani mutum a wani gari da ke gindin duwatsu, yana aikin kula da gida a wurin wani dattijo mai tsoron Allah. Shi ne mai shara, shi ne mai ban ruwan furanni, shi ne mai buɗe ƙofa idan baƙo ya yi sallama. Maigidan ya ba shi ɗakuna a bayan gida, inda yake zaune da matarsa da ɗansu Luka. Mutum ne mai ƙwazo, ba shi da ɗan hali, ba a taɓa jin bakinsa wajen faɗa ba. Abu ɗaya ne ya yi masa katutu a zuciya, ba ya iya jurewa a ce ya yi kuskure. Ko kofi ne ya suɓuce masa ya fashe, sai ya wuni bai sa komai a bakinsa ba.

Maigidan yana da 'ya ɗaya tilo, sunanta Keziya. Mahaifiyarta ta rasu tun tana goye, shan inna kuma ya taɓa ƙafarta ta hagu tun tana rarrafe. A ƙasa da sanda take tafiya, tana jan ƙafar. Likitoci suka gaya wa uban cewa ruwa yana ɗauke nauyin jiki, idan tana motsa ƙafar a cikinsa kullum, jijiyoyin za su yi ƙarfi. Saboda haka ya sa aka haƙa tafkin iyo a tsakar gida, aka shafe shi da siminti, aka manna masa shuɗin tayil. Ba don ado ko alfarma aka yi shi ba. A cikin ruwan nan ne kaɗai yarinyar take mantawa da sandarta.

Ran da aka cika tafkin, maigidan ya kira mai kula da gidan zuwa wani ɗan sito da ke gefe, inda aka kafa injin da ke juya ruwan yana tace shi. Ya nuna masa magunguna ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Wannan farin garin mai hawa kai shi ne kulorin. Shi ke kashe ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Wannan na cikin jarka asid ne. Wancan garin kuma soda ne, ɗan'uwan kanwa. Ruwa kamar miya yake, idan tsami ya yi yawa a sa masa soda, idan kanwa ta yi yawa a sa masa asid, domin sai ya daidaita kulorin yake iya aikinsa. Ga alif, ka san shi, irin wanda mata ke jefawa a randa laka ta kwanta."

Sa'an nan ya ba shi wata 'yar kwalba mai baki biyu da ruwan ɗigawa. Za a ɗebi ruwan tafki a ciki, a ɗiga, a girgiza. Idan gefe ɗaya ya yi rawaya, akwai kulorin ke nan. Launin ɗaya gefen kuma shi ke nuna tsami ko kanwa.

Ya ce, "Kada ka yarda da idonka, ka yarda da kwalbar nan. Kuma ka duba, na ajiye kulorin a wannan kusurwa, asid a waccan. Kada su taɓa haɗuwa a mazubi ɗaya. Ka zuba ɗaya a tafki, ka bar injin ya juya shi ya bi ruwa, sai daga baya ka zuba ɗayan. Idan wani abu ya shige maka duhu, ka tambaye ni."

Mutumin ya ce, "To, Baba."

Ya kuwa riƙe aikin da hannu biyu. Kowace safiya yakan kwashe ganye da raga mai doguwar ƙota, ya auna ruwan, ya zuba abin da ya kamata. Ruwan yakan yi garau har a iya ƙirga tayil na ƙasa. Keziya takan leƙo daga ciki ta ce, "Kawu, duba ƙafata!" Shi kuma ya tsaya da tsintsiya a hannu yana dariya.

Ana nan, da damina ta kankama, maigidan ya tafi da yarinyar wani birni mai nisa domin a yi mata aiki a ƙafar. Ya bar gidan duka a hannun mai kula da shi. Ya ce, "Idan muka dawo, ruwan nan za ta fi bukata fiye da komai. Ka riƙe shi."

Mutumin yana da 'yar gonar masara a bayan gari, ciyawa kuwa ta taso mata. Wata safiya yana sauri ya tafi noma kafin rana ta yi zafi, ya wanke tukunyar tace ruwa, ya kunna injin, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Ya manta bai buɗe famfon da ke shigar da ruwa cikin injin ba. Injin ya yi ta juyawa a bushe. Da ya dawo da la'asar, tun daga ƙofar gida ya ji ƙaurin roba. Ya ruga sito, ya tarar da injin ya yi shiru, jikinsa da zafi kamar dutsen guga. Ya danna makunni, ya sake dannawa. Ko motsi.

Ya zauna a kan bokiti ya dafe kai. Can ya tashi ya buɗe famfon da ya manta, kamar buɗewar za ta mai da hannun agogo baya.

Matarsa ta same shi a nan. Ta dubi injin, ta dube shi, ta ce, "Baban Luka, ka kira Baba ka gaya masa."

Ya ce, "Mutum yana asibiti da yarinya a kwance, in ƙara masa da wannan? Bari dai a fito da ita lafiya."

Maganar tana da kyan ji, shi kansa ya so ya gaskata ta. Amma a can cikin ransa ya san ba tausayin maigida ne ya hana shi ba. Abin da ba ya so shi ne ya buɗe baki ya ce, "Ni ne na manta."

Kashegari wayarsa ta yi ƙara, ya ga sunan maigida. Ya ɗauka. Dattijon ya ce an yi aikin, an gode wa Allah, yarinya tana barci. Sa'an nan ya ce, "Ina gida? Ina ruwa?"

Mutumin ya ji bakinsa ya ce, "Lafiya lau, Baba."

Daga ran nan natsuwa ta ƙaurace masa. Ya ci gaba da zuba kulorin, amma ba injin da zai juya shi, sai ya kwanta wuri ɗaya. Ruwan sama ya yi ta sauka yana kawo ƙura da ganye. Da farko ruwan ya dushe kawai, kamar an ɗiga masa nono. Sai wani kore-kore ya fito a kusurwoyi. Ya sa buroshi ya goge, da safe ya dawo ya fi na jiya. Kafin a jima gansakuka ta rufe tayil, matakalar shiga ta yi santsi, ƙasan tafkin ya ɓace wa ido. Kwaɗi suka samu gida, 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a gefe.

Ya samo tamfol ya rufe tafkin, ya danne gefensa da duwatsu, don kada maƙwabta su hango ta saman katanga. Amma tamfol bai rufe masa tunani ba. Yana cikin noma sai ya tsaya cak, fartanya a sama, yana ganin koren ruwa a idonsa. Tuwo ya daina wuce masa. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai ya leƙa ya ga ko su ne. Idan waya ta yi ƙara, ko ta wani ce, sai ya zabura. Ya yi tunanin kiran mai gyara, sai ya tuna mai gyaran abokin maigida ne, a coci ɗaya suke, labari zai kai. Ya kwance injin da kansa, ya dudduba, ya mayar, bai gane komai ba.

Maigidan ya sake kira, ya sake tambaya. Amsar ba ta canza ba. Kowace "lafiya lau" kuwa tana ƙara wa gaskiya nauyi, domin yanzu ba mantuwa kaɗai zai faɗa ba, har da ƙarya, da ƙaryar da ta bi bayanta.

Matarsa ta ce, "Ka rame. Kwanciya kake yi kana juyi kamar mai ciwon ciki. Baba ba dodo ba ne. Yaushe ya taɓa ɗaga maka murya?"

Ya ce, "Shi ya sa. Da mai zagi ne, da na faɗa ya zage ni a wuce wurin. Mutumin da ya miƙa mini makullan gidansa duka, da wane ido zan dube shi?"

Ta ce, "Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

Ya tashi ya bar mata wurin.

Sai ga saƙo ya zo cewa an sallame su, suna hanya, gobe da yamma za su iso. Keziya da kanta ta karɓi wayar. Muryarta ƙarama, cike da murna. Ta ce, "Kawu, ɗinkin ya warke! Likita ya ce ina zuwa in shiga ruwa. Ka share mini matakala."

Ya ce, "To, 'yata." Da ya ajiye wayar, ya nufi tafkin.

Ya yaye tamfol. Wani ƙarni ya buge shi. Ya kwashe abin da raga za ta iya kwashewa, ya narka alif mai yawa ya watsa ko'ina, ya koma ya zuba ido. Alif kuwa ya yi aikinsa. Da gari ya waye, dattin ya kwanta a ƙasa, saman ruwan ya yi haske, har ana ganin gajimare a cikinsa. Mai wucewa zai ce babu abin da ya taɓa samunsa. Mutumin ya sauke ajiyar zuciya, irin wadda ya daɗe bai yi ba.

Sai ya ɗauko 'yar kwalbar. Ya ɗebi ruwa, ya ɗiga, ya girgiza, ya ɗaga ta sama yana jiran rawaya. Ruwan ya tsaya fari fat. Babu kulorin ko kaɗan, ƙazantar ta cinye duk wanda ya zuba. Ɗaya gefen kuma ya nuna kanwa ta yi yawa. Ya zubar, ya sake aunawa daga wani gefen tafkin. Haka dai.

Wata murya a zuciyarsa ta ce, "Wa zai sani? Ga ruwa garau. Ka ce injin yau da safe ya tsaya." Ya tsaya da kwalbar a hannu yana sauraron muryar. Sai ya tuna sabon tabon da ke ƙafar yarinyar, ya tuna yadda take kurɓar ruwa idan tana dariya. A'a, ba zai bari ta shiga wannan ba. Amma kuma ba zai iya tsayawa a gaban uban ya ce kada ta shiga ba. Hanya ɗaya ta rage masa a ganinsa, ya gyara ruwan nan da ƙarfin tsiya kafin yamma.

Ya san ƙa'ida. A fara sa asid, a jira, a auna, sa'an nan a sa kulorin, a sake jira. Amma rana ta riga ta take tsaka, babu inji, babu lokacin jira. Ya ce a ransa, "Ai a cikin tafkin ma haɗuwa za su yi. Mene ne bambanci idan sun haɗu a bokiti? In dama su wuri ɗaya, su yi ƙarfi, in watsa sau ɗaya a gama." Tsoro ya sa ya ji wannan kamar hikima.

Ya shiga sito. Ya hango matarsa tana shanya a bayan gida, ya san idan ta gani za ta hana shi. Sai ya turo ƙofa, ya zura sakata ta ciki.

Ya zuba garin kulorin a bokiti, ya jawo jarkar asid daga kusurwarta, ya tuttula a kai.

Nan take bokitin ya tafasa yana huci. Wani hayaƙi mai launin ruwan ɗorawa da kore ya taso ya daki fuskarsa. Ya ji kamar an watsa masa barkono a ido, an zura masa garwashi a maƙogwaro. Ya ja da baya, ƙafarsa ta ture bokitin, abin ya malale a ƙasa, hayaƙin ya cika ɗakin. Ya nemi ƙofa, idonsa ba ya buɗuwa. Ya lalubi bango, ya lalubi injin, ya lalubi buhun soda, sakatar da ya zura da hannunsa ta ɓace masa. Ya so ya yi ihu, sai tari. Kowane numfashi da ya ja, wuta yake ja. Ya faɗi yana bugun ƙasan ƙofa da tafin hannu.

Matarsa ta ji bugun. Ta rugo ta tura ƙofa, a kulle. Warin da ke fitowa ta ƙarƙashi ya sa ta tari. Ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu, tana kiran maƙwabta.

A daidai lokacin nan mota ta tsaya a ƙofar gida. Maigidan ya yi sammako, hanya kuma ta yi kyau, ya iso tun kafin lokacin da ya faɗa. Ya shigo ya ga tafki da laka kwance a ƙasansa, ya ga matar tana dukan ƙofar sito, ya shaƙi warin. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ce wa matar, "Je ki riƙe Keziya a mota, kada ta matso." Ya ɗauki diga da ke jingine a bango, ya sari ƙofar har sakatar ta ɓalle.

Hayaƙin ya yo waje. Maƙwabtan da suka fara taruwa suka ja da baya suna toshe hanci. Wani ya ce, "Baba, kada ka shiga! Bari ya lafa!" Dattijon ya san idan aka jira ya lafa, gawa za a fitar. Ya cire hularsa ya danne hanci da ita, ya kutsa. Mutumin ya riga ya gangara can bayan injin, sai da dattijon ya laluba kafin ya same shi. Hannu ɗaya ba zai ja ƙato ba, saboda haka ya saki hular, ya kama shi da hannu biyu, ya jawo shi har tsakar gida, cikin iska. Ya jawo tiyo ya yi ta kwarara masa ruwa a ido da fuska, shi kansa yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Sai da ya ga mutumin ya ja numfashi, sa'an nan ya zube a gefensa.

Aka kwashe su biyu zuwa asibiti.

Da mai kula da gidan ya farfaɗo, idonsa a kumbure, ƙirjinsa na zafi, abin da ya fara tambaya shi ne, "Baba ya ga ruwan?" Matarsa ta ce, "Ya gani. Shi ya fito da kai. Yana ɗakin da ke kusa, an sa masa abin numfashi." Mutumin ya juya fuska bango. Ya gwammace a ce bai farka ba.

Bayan 'yan kwanaki ya ji ana jan kujera kusa da gadonsa. Maigidan ne. Ya rame, muryarsa ta shaƙe, sai an kasa kunne ake jin abin da yake faɗa.

Ya ce, "Tun yaushe injin ya tsaya?"

Mutumin ya faɗa masa duka, tun daga famfon da ya manta har zuwa sakata. Yana faɗa yana kuka, hawayen suna ƙona masa ido.

Dattijon ya ce, "Mai gyara ya zo jiya. Kafin azahar ya gama."

Mutumin ya rufe fuska da hannu.

Maigidan ya ce, "Inji ba ya ba ni baƙin ciki, ƙarfe ne. Ruwa ma ana zubarwa a sake cikawa. Abin da ya yi mini ciwo shi ne, ina kiranka kana cikin wuta, kana ce mini lafiya lau. Me ka gani a wurina da ya sa ka fi tsorona fiye da mutuwa?"

Mutumin ya ce, "Baba, idan na warke zan kwashe kayana."

Dattijon ya ce, "Wa ya ce ka tafi? Na shiga na ɗauko ka don in kore ka? Ka warke, akwai aiki."

Da suka koma gida, aka buɗe tafkin aka zubar da ruwan duka, har da lakar da alif ya kwantar. Mutumin ya shiga da buroshi ya goge tayil ɗaya bayan ɗaya, maigidan yana zaune a kan kujera yana nuna masa inda ya rage. Aka cika shi da sabon ruwa daga rijiyar burtsatse, aka sa magunguna bi da bi, ana jira a tsakani. Keziya ta daɗe tana jira a bakin tafki da sandarta, ƙafar har ta fara sandarewa, ta sha wuya kafin ta saki. Amma ta shiga, ta kuwa samu sauƙi. Muryar maigidan ce ba ta dawo daidai ba. Shi ne mai ba da waƙa a sujadar asuba, daga lokacin nan sai wani ya karɓa. Har ƙarshen ransa da shaƙaƙƙiyar murya yake magana, bai kuwa taɓa yi wa mutumin gori a kai ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Tafkin shi ne zuciyar mutum. Ba tamu ba ce, amana ce aka ba mu, kuma akwai waɗanda suke shiga cikinta kullum, 'ya'yanmu, da matanmu, da mazanmu, da duk wanda yake zaune kusa da mu. Idan ta ƙazantu, ba mu kaɗai za mu cutu ba.

Ku lura da inda abin ya fara. Mutumin nan bai yi sata ba, bai yi kisa ba. Famfo ya manta. Laifin da ya kusa kashe shi ba mantuwar ba ce, ɓoyewar ce. Haka yake da mu. Zunubin da za a iya kawowa gaban Allah da safe a tashi da gafara kafin azahar, mukan rufe shi da tamfol mu danne da duwatsu. A ƙarƙashin tamfol kuwa ba ya mutuwa, yaɗuwa yake yi. Ana tambayarmu a ƙofar coci, "Ina gida?" Mu ce lafiya lau. Ko a addu'a ma haka muke gaya wa Ubangiji, shi da yake ganin ƙasan tafkin.

Alif shi ne gyaran da ake yi don idon mutane. Tufafi masu tsabta ran Lahadi, murya mai daɗi a ƙungiyar mawaƙa, gaisuwa da ladabi. Ba mugayen abubuwa ba ne, amma ba sa kashe cuta. Suna kwantar da datti ne kawai inda ba a gani, ranar da wani ya taka ƙasan, duk sai ya taso. Maganar Allah ita ce 'yar kwalbar awo. Ba ta duban hasken da ke sama, gaskiyar ruwan take faɗa, ko mun so ko ba mu so ba. Idan ta nuna maka babu rai a ciki, kada ka zubar ka sake ɗiba daga wani gefe.

Bokitin kuma fa? Wannan shi ne ƙoƙarin mai tsoro na tsarkake kansa da kansa. Akwai waɗanda idan lamirinsu ya dame su, ba sa zuwa wurin Uba. Sai su shiga ɗaki su kulle, su ɗora wa kansu azumi a kan alkawari, alkawari a kan horon kai, suna so su gyara cikin yini ɗaya abin da ya daɗe yana ruɓewa, don su fito a tsabtace ba wanda ya san sun taɓa ƙazantuwa. Azumi abu ne mai kyau, kamar yadda kulorin yake da kyau. Amma abu mai kyau a hannun mai firgita, a bayan ƙofar da aka kulle, yakan zama hayaƙi. Na ga masu bi da yawa da suka shaƙe a irin wannan ɗaki. Ba su daina zuwa sujada ba, amma farin ciki ya ƙare musu, ba sa iya numfashi, kuma sun manta inda sakatar take.

Maigidan nan kuwa, kun riga kun gane shi. Ubangijinmu Yesu bai tsaya a waje yana jira hayaƙi ya lafa ba. Bai ce mu fara gyara ruwa kafin ya dube mu ba. Ya fasa ƙofar da mu muka kulle, ya shiga inda mutuwa take, ya kama mu da hannu biyu. Abin da ya kamata ya ƙone mu, shi ya ƙona, yana kuma ɗauke da tabon har yau. Wanda ya yi maka wannan, ba shi ne za ka ɓoye wa injin da ya ƙone ba.

Kada kuma wani ya ce gafara tana nufin babu asara. Yarinyar ta sha wuyar jira, dattijon ya rasa muryarsa. Ɓoye zunubi yana da tsada, sau da yawa kuma waɗanda suke ƙaunarmu ne suke biya. Shi ya sa yau ta fi gobe.

Wataƙila akwai wani a cikinmu da ya zo da murmushi, amma ya daɗe abinci ba ya wuce masa. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba sai ka tsara magana mai kyau ba, ba sai ka fara gyara komai ba. Idan muka sunkuyar da kai yanzu, ka kira abin da sunansa a gaban Allah. Idan akwai mutumin da ya kamata ya ji, ka same shi kafin rana ta faɗi. Ka faɗa yadda ya faru, kada ka rage, kada ka yi masa ado. Za ka tarar wanda kake gudu, tun tuni yana kan hanya yana zuwa wurinka.

Bari mu yi addu'a.